Kafin ka sayi ƙaramar na'urar AI, ka fara tambayar zafi da wuta

Tambaya: Ina so in kafa kyamara a ƙofar sito ta riƙa ƙirga motocin da ke shiga da fita, ba tare da intanet ba. Na ga ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 5 da aka haɗa wa Hailo, wato ƙwaƙwalwar lissafin AI, mai TOPS 13, na kuma ga wata ƙaramar kwamfutar, Jetson Orin Nano Super, mai 67. Mai 67 ɗin zan ɗauka, ko?

Amsa: Ɗan'uwa, lambar nan ta ruɗi mutane da yawa. TOPS ma'auni ne na yawan tiriliyoyin lissafi da na'ura ke iya yi a daƙiƙa ɗaya, amma fa a yanayi mafi kyau aka auna shi. Kyamara ɗaya mai ƙirga motoci ba ta buƙatar 67. Coral na Google, wani ɗan'uwan Hailo wanda ya fito a 2019, TOPS 4 kacal gare shi a kan wat 2, kuma yana gane mutum da mota a bidiyo. Sharaɗinsa shi ne sai an matse manhajar AI ɗin zuwa lissafi mara nauyi, wato bit 8, a tsarin Google mai suna TensorFlow Lite. Kowace ƙwaƙwalwa da irin nata sharaɗin, don haka ka fara tabbatar manhajarka za ta hau kanta kafin ka biya ko sisi.

Abin da ya fi damuna da aikinka zafi ne. Raspberry Pi 5 yana fara rage gudu da kansa idan ya kai digiri 80, a 85 ya ƙara ragewa. A kan tebur ba za ka lura ba. Amma rufe shi a akwatin roba jikin bangon da rana ke duka, da azahar sai motoci uku su wuce ya ƙirga biyu, kai kuma ka kama zargin manhaja. Jetson ɗin kan ja har wat 25, kuma duk wutar da ya sha zafi take komawa a cikin akwatin. Ni dai Pi da Hailo zan ba ka shawara, da akwatin ƙarfe mai fitar da zafi ta jikinsa. Fanka tana taimakawa, sai dai ƙura kan toshe ta, ita ce kuma takan riga sauran kayan mutuwa.

Tambaya: Tawa na'urar ta yi wata biyar lafiya lau, aka ɗauke wuta, ta ƙi tashi. Da na canza katin memori ta dawo. In sayi wata ce?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, lafiyarta ƙalau. Wuta ta yanke ne tana tsakiyar rubutu a katin, bayanan suka dagule. Katin SD ba a yi shi don rubutu dare da rana ba. Ki koma eMMC, wato ma'ajiyar da ke manne a jikin allon na'ura, irin wadda ake samu a nau'in Pi mai suna Compute Module, ko SSD, ma'ajiyar kwamfuta. Ki kulle babbar manhajar ta zama ta karantawa kawai, ki ƙara ƙaramin batir da zai ba ta minti biyu ta kashe kanta a natse. Ki kuma kunna agogon gadi da ke cikin allon: idan na'urar ta sandare, shi zai sake tayar da ita ba sai kin hau tsani ba. Sai caja. Pi 5 bolt 5 da amfiya 5 yake so, kar ki sa masa ta waya.

Tambaya: Kayan da aka rubuta "na masana'antu" sun cancanci ƙarin kuɗinsu?

Amsa: Na yau da kullum an gina su ne don digiri 0 zuwa 70, na masana'antu kuwa daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. In a ofis mai sanyi za ta zauna, riƙe kuɗinka. In a kan falwaya ne ko cikin mota, biya.