Tambaya da Amsa: Ma'anar "put off"

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da "put off" a Turanci, amma ma'anarsa tana rikita ni. Yaya ake amfani da shi?

Amsa: Galibi yana nufin ɗage abu zuwa wani lokaci, kamar a "They put off the meeting", wato sun ɗage taron. Sau da yawa akwai alamar jan ƙafa a cikinsa, shi ya sa a wasiƙar ofis na fi son "postpone". Idan wakilin suna ya shigo, a tsakiya yake zama, sai a ce "put it off". Yana kuma nufin sa abu ya fita daga ran mutum: "His rudeness put me off", wato rashin ladabinsa ya sa ya fita daga raina.