Kayan Guangzhou da maganar jirgin ƙasa mai haɗa teku da teku

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari, Zariya. Mu huɗu muke haɗa kwantena ɗaya daga Guangzhou. Ejan ɗinmu ya ce saboda rikicin Bahar Maliya da ƙarancin ruwa a Panama, mu ƙara kuɗi a biyo da kayan ta jirgin ƙasa mai haɗa teku da teku. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Matsalolin da ya faɗa maka sun faru da gaske. Mashigin Panama, da aka buɗe a 1914, da ruwan tafkin Gatun yake aiki, shi ya sa da fari ya yi tsanani a 2023 aka rage jiragen da ke wucewa daga kusan 36 a rana zuwa 24, har ƙasa da haka. A ƙarshen 2023 kuma, hare-haren 'yan Houthi na Yaman a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni kauce wa mashigin Suez.

Layukan dogon ma suna nan. Akwai na Panama tun 1855. Meziko ta farfaɗo da nata mai kusan kilomita 300, daga Salina Cruz a bakin tekun Fasifik zuwa Coatzacoalcos a ɗaya gefen. Sai dai dubi yadda aikin yake: a sauke kwantena daga jirgin ruwa, a ɗora kan tarago, a kai can, a sake saukewa, a jira wani jirgin. Kowane ɗagawa da kuɗinsa, kuma kayan babur ba sa son yawan jijjiga da ɗauki-ajiye. Babban jirgin ruwa ɗaya yana ɗaukar ƙananan kwantenoni sama da 20,000, jirgin ƙasa kuwa 'yan ɗaruruwa ne iyakarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan ba hanyar kayanka ba ce. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Legas akasari ta Singafo yake bi, ya ratsa tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya hau zuwa Lome ko Apapa. Me zai kai shi Meziko? Jiragen ƙasan da ke tashi daga birnin Yiwu na Sin kuwa Turai suke nufa, irin su Madrid da Landan. Idan kuɗin dako ya tashi saboda jirage sun yi ƙaranci a duniya, wannan zai shafe ka, amma sai ejan ya kira shi da sunansa.

Ka ce ya nuna muku takardar lodin kaya, a ga sunan jirgi, tashar da aka ɗora, da wadda za a sauke. Ku huɗun ku zauna ku karanta tare. Ni a ganina inda kuɗinku ke zurarewa shi ne tsakanin Apapa da ƙofar shagonka: kuɗin kwanan kwantena a tasha, tirela, da tsaye-tsayen hanya. Abin yana ci mini rai idan na wuce tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, garin da dogo ya iso tun 1911, ga tireloli jere a titin Kano. Ku tambayi farashin kammala takardun kwastam a tashar tsandauri ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ku gwada da na Legas.

Tambaya: Ina sayo dogayen riguna da labule daga Istanbul. Rikicin Suez zai jinkirta mini? Daga wata Hajiya a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Kayan Turkiyya ta Bahar Rum suke fita, su bi ta Jibraltar su gangaro Legas, ba ruwansu da Suez. Idan na sallah ne kuma lokaci ya ƙure, riguna ba su da nauyi, ki turo su ta jirgin sama zuwa Kano, labulen su biyo ruwa.