Filin Tambayi Anti: Sabulun Goge Jiki Na Haɗin Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, a Tudun Wada nake. Ina so in koyi haɗa sabulun nan mai ɗan ɓarzo-ɓarzo da ke goge mataccen fata, don ni da ƙannena. Na gwada sau ɗaya. Na narkar da sabulu na zuba sukari da gishiri da ruwan lemun tsami, sai ya ƙi daskarewa, kullum yana tsattsafo da ruwa kamar mai gumi. A ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abubuwa ukun da kika zuba, kowanne da laifinsa. Sukari da gishiri suna janyo laimar da ke cikin iska, shi ya sa idan kika bar gishiri a buɗe cikin watan Agusta a nan Kaduna za ki tarar ya jiƙe. Wannan halin ne suka tafi da shi cikin sabulunki. Kuma sukari narkewa yake yi a cikin zafi da ruwa, kafin ki kai ga wanka babu sauran abin gugar. Shi kuwa lemun tsami, ki tuna yadda kanwa ke kashe tsami a girki. Sabulu ɗan gidan su kanwa ne, idan ya haɗu da tsami sai su kashe juna, kumfa ta ragu, sabulun ya saki jiki. Ki bar lemun ki yi kunun tsamiya da shi idan tsamiyar ta yanke.

Mai koyo ba da soda, wato sinadarin nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da shi daga tushe, take farawa ba. Ki fara da sabulun da an riga an gama yinsa, ke naki kawai ki sake masa siffa. Ki samo farin sabulun wanka marar ƙamshi sosai, gram 500, ki goge shi da abin goga kuɓewa har ya zama kamar garin kwaki. Ki zuba a kwanon silba, ki yayyafa masa ruwa kamar rabin gwangwanin madara ƙarami, ki rufe ya kwana ko ya yi awa biyu ya tsumu. Sai ki ɗora tukunya da ruwa a wuta, ki sa kwanon a cikin ruwan. Kada kwanon ya taɓa wuta kai tsaye, sabulu yana ƙonewa, kuma warin ƙonannen sabulu ba ya fita daga ɗaki da wuri. Ki riƙa juyawa a hankali, minti 30 zuwa awa ɗaya. Kada ki jira ya zama ruwa tsululu, ba zai zama ba. Idan ya yi kamar tuwon da aka tuƙa da laushi, ya isa.

Ki sauke, ki sa man kaɗanya babban cokali ɗaya, da zuma ƙaramin cokali ɗaya idan kina so. Na san hannun 'yan mata da zuma, kada ki ƙara, ita ma tana jan laima.

Yanzu sai abin gugar, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki saurare ni. Da na fara wannan aiki, ina amarya a Unguwar Sanusi, na daka shinkafa a turmi na zuba ta yadda take, ban tankaɗe ba. A tunanina, yadda ya fi kaushi haka zai fi aiki. Cikin hunturu ne. Na dirje fuskata da shi kwana uku a jere, a rana ta huɗu ruwan alwala ma ya gagare ni saboda raɗaɗi, kumatuna suka yi jawur, daga baya wurin ya yi baƙi ya fi wata biyu bai koma daidai ba. Fatarmu haka take, duk inda aka ji mata ciwo, ko ƙanƙani ne, da duhu take warkewa. Wadda ta dirje don ta yi haske, sau da yawa tabo take saya da kuɗinta.

Saboda haka duk abin da za ki zuba, ki niƙa shi ki tankaɗe da rariyar laushi. Ki ɗibi kaɗan ki jiƙa, ki murza a bayan hannunki. Idan kin ji yana karce ki, bai yi ba, ki mayar. Garin shinkafa tankaɗaɗɗe yana da kyau kuma shi ya fi arha. Garin alkamar Turawa da ake damawa yara, wato ots, ya fi kowanne taushi, shi nake ba masu fata mai saurin fushi. Garin gahawa da aka riga aka dafa aka shanya ya bushe ƙarau ya dace da jiki, gwiwa da gwiwar hannu, amma ban yarda a kai shi fuska ba. Ɓawon lemun zaƙi busasshe ma yana yi, ga ɗan ƙamshi. Majigi da kurkum da ake samu wajen masu kayan gyaran jiki a Kasuwar Barci, launi suke bayarwa fiye da guga. Kurkum ƙaramin cokali ɗaya ya ishe ki, in ba haka ba tawul ɗinki da farcenki duk za su koma rawaya.

Guda ɗaya za ki zaɓa a karon farko, babban cokali biyu a gram 500 ɗin nan. Idan kika haɗa biyar jikinki ya yi ƙuraje, ba za ki san wanne ne mai laifin ba.

Ki juya ya game, ki shafa ɗan mai a robar da za ki zuba, ko ki yanke kwalin madarar ruwa ki wanke shi. Ki danna sosai da bayan cokali, ki ɗan bubbuga robar a ƙasa don iska ta fita. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki fitar, ki yanka, ki jera a inuwa inda iska ke ratsawa. A hunturu mako guda zuwa biyu ya isa. Da damina sai kin yi haƙurin mako uku ko fiye.

Idan sabulun salo kika fi so, shi ba ya ma buƙatar wuta. Da ruwan toka ake yinsa, kuma sabulun toka ba ya tauri irin na soda, don haka kada ki sa ran zai zama sanda. Ki daka shi a turmi da man kaɗanya da garin da kika zaɓa, ki cura ko ki dura a roba mai murfi. Sai dai shi salo da kansa yana busar da fata, garin da za ki sa masa ya zama rabin na wancan.

Kafin ki raba wa ƙannenki, ki gwada a cikin hannunki wajen lanƙwasa, ki jira kwana guda. Sannan sau ɗaya ko biyu a mako ake amfani da shi, sauran ranakun ki koma sabulunki na kullum. Fata tana sabunta bayanta da kanta cikin kusan mako huɗu, taimaka mata kawai kike yi. Kina fitowa daga wanka ki shafa mai tun jikin da ɗan damshi. Wurin da ke da ƙurji, ƙyasbi ko rauni, ki tsallake shi.

Wata magana da ba ki tambaya ba: za ki haɗu da masu ce miki ki matse mayukan tub a ciki don ya ƙara haske. Da yawansu magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, kuma su ne ke sirantar da fata su bar nankarwa. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana jan kunne a kan mayukan bilicin. Kada ki sa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce a Rigasa. Na iya na narkawa, yanzu ina so in yi daga tushe da soda don in riƙa sayarwa. Kofi nawa na soda zan sa?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ba zan ba ki lissafin kofi ba, domin soda da sikeli ake auna ta, kuma kowane mai da nasa ma'aunin. Kilo ɗaya na man kaɗanya yana cin soda wajen gram 128, kilo ɗaya na man kwakwa kuwa wajen gram 180. Alayyadi ma nasa daban. Kin ga wadda ta canza mai ba ta canza lissafi ba, ko dai sabulunta ya yi ta zubar da mai, ko ya ci fatar mai saye. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, kuma zubin farko ki yi shi a gaban wadda ta ƙware.

Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi nan take ta yi tsartuwa. Ki yi a tsakar gida, da safar hannu ta roba da tabarau. Tukunyar dalma irin ta Panteka kada ta kusance ta, soda na cinye dalma. Bokitin roba mai kauri ko kwanon silba na ƙarfe marar tsatsa, ba na alminiyom ba, za ki nema. Idan ta taɓa fata, ki sakar wa wurin ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20, idan ido ne kuwa bayan wankewar sai asibiti. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara: ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha, yaron da ya kurɓa maƙogwaronsa ne ke ƙonewa. Kada ki taɓa dura shi a gorar ruwa, kada ki bar shi a ƙasa ko na minti ɗaya.

Garin gugar ana zuba shi ne bayan haɗin ya yi kaurin koko, idan ya fi haka ruwa zai zauna a gindi. Bayan kin yanka, sai ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin ki miƙa wa kowa.

TAMBAYA: Hajiya, ni direban Keke ne a Kawo. Faso ya dame ni duk hunturu. Sabulun nan zai yi mini?

AMSA: Malam, zai taimaka, kuma diddige ne kaɗai wurin da na yarda a sa gari mai ɗan kaushi, sai uwargida ta ware maka naka da garin gahawa. Amma aikin ba na sabulu kaɗai ba ne. Ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi minti 10 da dare, ka goge kaushin da dutse a hankali, ka cika wurin da man kaɗanya ko basilin, ka sa safa ka kwanta. Da rana takalmi rufaffe ya fi maka silifa. Idan fason yana jini, ka dakata da guga sai ya rufe. Idan kuma kana da ciwon sukari, kada dutse ko reza su taɓa ƙafar, ka kai ta asibiti a duba.