Masu buga sandar nan ba a biyan su ko anini

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Juma'a, aiki ne ya hana ni amsawa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Karo na uku ke nan kana tambayata hanyar zuwa karatu Ayalan, amma wannan karon ka zo da sabon salo. Ka turo mini bidiyon wasan hurling, wasansu na gargajiya da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, filin Croke Park na Dublin cike maƙil, wai tunda kana da gudu kuma ka iya ƙwallo, in ka zo za ka koyi wasan, wata ƙungiya ta ɗauke ka, kuɗin makaranta su fito daga nan. Sai da na ajiye wayar na yi dariya har abokin aikina ya tambaye ni ko lafiya.

Filin nan yana ɗaukar mutum 82,300, ranar wasan ƙarshe kuwa tikiti sai mai uwa a gindin murhu. Amma 'yan wasa talatin ɗin da ka gani suna neman fasa wa juna kai, babu mai albashi ko ɗaya a cikinsu. Haka GAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin gargajiyar ƙasar, take tafiyar da abinta, ita da aka kafa a garin Thurles tun 1884. Akwai kuɗin mota, da ɗan tallafin gwamnati, wasu su taɓa talla, shi ke nan. Wanda ya ɗaga kofi ranar Lahadi, kafin mako ya zagayo ya koma aji yana koyarwa, ko gona, ko banki. Kuma ba a sayen ɗan wasa. Unguwarku da yankinku za ka buga wa.

Tunda wasan ya burge ka, bari in ba ka labarin mutum ɗaya, Seán Óg Ó hAilpín. A nan Cork inda nake zaune, ko tsohuwa ka tambaya ta san shi. An haife shi a 1977 a Rotuma, wani ɗan tsibiri na ƙasar Fiji. Mahaifiyarsa 'yar can ce, mahaifinsa ɗan Ayalan daga Fermanagh. Ya yi ƙuruciyarsa a Sydney ta Ostareliya, sai a 1988 aka kwaso su zuwa Cork yana ɗan shekara goma sha ɗaya, da fatar da ba irin ta yaran unguwa ba, bai iya wasan ba, bai san harshen Ayalan na gargajiya ba. Yaran nan kuwa tun suna shekara huɗu ko biyar ake danƙa musu sanda, da ita suke zuwa makaranta, da ita suke zuwa aike. Lissafa tazarar da ya tarar.

Aka sa shi makarantar North Mon, ya shiga kulob ɗin Na Piarsaigh da ke arewacin gari. A 1999 yana cikin 'yan Cork da suka doke Kilkenny da maki ɗaya tak suka ci kofin ƙasa, bayan mako biyu ya sake komawa filin ya buga wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya, Meath ta doke su. A 2001 ya yi hatsarin mota, gwiwa ta lalace, mutane suka ce ta ƙare masa. Bai ƙare ba. A 2004 suka sake cin kofi, aka zaɓe shi gwarzon shekara. A 2005 shi ne kyaftin, suka doke Galway, ya hau ya karɓi kofin ƙasar, wanda ake kira Liam MacCarthy, ya yi jawabinsa gaba ɗaya da harshen da yawancin 'yan ƙasar ba sa iya doguwar hira da shi. Wani dattijo a kulob ɗinmu ya ce mini a gaban talabijin ya yi kuka ranar, rabi don murna, rabi don kunya.

To duk wannan ɗaukakar, ma'aikacin banki ne. Shi da abokan wasansa har yajin aiki suka yi a 2002, ba don albashi ba, don a inganta musu wurin atisaye da kayan wasa da kula da lafiyarsu. A 2010 kuma mai horarwa ya ajiye shi, mutumin da ya ba Cork kofi uku. Ya dawo a 2012 ya buga kaka ɗaya ya yi ritaya. Ubansa ɗan ƙasa ne fa, kuma yana yaro ya zo. Kai shekararka ashirin da huɗu, ko riƙe sandar ba ka taɓa yi ba.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai a ƙasar nan ba sanyi ba ne, ba kuma duhun da ke rufewa tun ƙarfe huɗu da rabi na yamma a Disamba ba. Gida ne. Na shekara biyu da iyalina a wani wuri mai danshi, bango ya yi baƙi, ƙaninka kullum cikin tari. Na kira wani mai gida muka gama magana lafiya lau, yana jin sunana ya ce an riga an kama. Bayan mako uku tallan yana nan bai cire ba. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ka san ta inda gida ya fito? Ƙaninka ya dame ni sai na kai shi hurling saboda abokan ajinsu. Na kai shi ba don ina so ba. Watanni ina tsaye bakin fili cikin ruwa, a gaishe ni sama-sama a wuce. Mutanen nan akwai fara'a, amma fara'arsu a bakin ƙofa take tsayawa. Ranar da na fara ɗaukar jarkar ruwa, na kwashi rigunan yara ashirin na kai gida muka wanke, ranar suka koyi sunana. In sun shiga mashayar kulob ni shayi nake sha, sun saba, har ajiye mini suke yi. Dattijon nan da na faɗa maka shi ya yi magana da wani ɗan'uwansa, gidan da muke ciki yanzu ke nan. Shekara uku na wanki kyauta. Yaron yanzu yana buga baya ta hagu, inda Seán Óg ya buga, ya karya yatsa sau biyu, uwarsa ta daina zuwa kallo.

Maganar karatu kuwa, ga ta a taƙaice. Bayan kuɗin makaranta, sai ka nuna kana da yuro 10,000 na zaman shekara guda, kuma suna bin takardar banki layi-layi, kuɗin aro da aka zuba jiya ba ya wucewa. Katin zama yuro 300 ne. Ɗalibi awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, awa 40 lokacin hutu. A 2025 mafi ƙarancin albashi yuro 13.50 ne a awa. Kada ka juya shi zuwa naira ka ruɗe, ɗaki ɗaya a gidan haɗaka zai lashe fiye da rabin abin da za ka samu a wata, in ma ka samu ɗakin. Ni kuma ba zan iya ajiye ka fiye da wata biyu ba, yarjejeniyar hayata ta hana, kuma ba zan yi wasa da gidan da na sha wuya kafin in samu ba. Ka faɗa wa mahaifiyarka haka da bakinka tun yanzu, kada gobe a ce kawu ya ƙi zumunci.

In digiri na biyu ne, ana ba da izinin zama har shekara biyu bayan kammalawa don neman aiki, in kuma fannin da ake nema a nan ne, wannan kam hanya ce. Turo mini takardar gurbin da ka ce an ba ka da sunan makarantar in duba ko tana cikin waɗanda gwamnati ta amince da su, kafin ka biya kowa ko kwabo. Sanda kuma akwai wata ta ƙaninka da ta tsage a bayan ƙofa, in Allah ya kawo ka sai ka gwada ɗaga ƙwallon daga ƙasa mu gani.