Amsa: Yanke sandar giya a gida

Malam, ka ce kana so ka rage tsawon sandar giyar motarka da zarto don giya ta riƙa shiga da sauri. Za ka iya, amma abin da za ka samu bai kai abin da kake zato ba. Sandar tana juyawa ne a kan wani ƙwallo da ke ƙasa. In ka yanke samanta, tafiyar hannunka za ta ragu, amma sai ka ƙara ƙarfi a kowane canji. Masu ƙera gajeriyar sanda ba haka suke yi ba, ɓangaren da ke ƙasan ƙwallon suke ƙara wa tsawo.

Kafin ka taɓa zarto, cire robar da ke rufe gindin sandar ka duba bushin, wato 'yar robar da ke riƙe sandar don kada ta yi lilo. Tawa lilo take yi kamar haƙori mai girgiɗi, ashe bushin ne ya cinye. Na canza shi, na shafa giris, shi ke nan, ban yanke komai ba.

In ka dage sai ka yanke, a sama ne zaren da kan giyar ke ɗauruwa yake, irin na noti, yankan zai tafi da shi, sai ka sake fitar da wani. Girman zaren yawancin Toyota M12x1.25 ne, Honda kuma M10x1.5. Idan motarka mai zoben da ake ɗagawa kafin a sa ribas ce, kada ma ka fara, za ka lalata makullin ribas ɗin. Kuma komai gajartar sandar, ka taka kuloci har ƙasa, kar ka fizgi giya, zobban da ke cikin giyabos ne za su ji a jikinsu.