Aiki ya cinye ni: tafiya wani birni a ƙasar waje za ta dawo mini da ƙarfi?

Tambaya: Ni akanta ne a nan Damagaram. Barci ya ƙaurace mini, ko ƙarar waya na ji sai gabana ya faɗi, aikin da nake so da ma na fara ƙinsa. An ba ni hutun kwana goma, ina so in fita ƙasar waje in huta. Ina ya dace in je, kuma yaya zan tsara?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka kwatanta sananne ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Kafin ka yanki tikiti ka je a auna maka hawan jini, sukari da yawan jini, domin kowannensu na iya kawo irin wannan kasala.

Wajen zaɓen gari, hanya za ka fara dubawa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a bas. Zuwa da dawowa kwana biyu sun tafi, ga ranar jirgi sau biyu. Ka ware kuma kwana ɗaya a gida kafin ka koma ofis. Abin da ya rage maka na hutun gaske kwana biyar ne, saboda haka birni ɗaya ya isa, masauki ɗaya.

A ganinmu Lome, babban birnin Togo, ta fi dacewa da kai. Sefa ake kashewa, ba ruwanka da 'yan canji. Ana jin Faransanci, a Zongo kuma ga Hausawa, ga masallatai, ga abincin da cikinka ya sani. Bambancin lokaci awa ɗaya ne kacal, ba zai rikita maka barci ba. Iskar bakin teku da yamma tana kwantar da hankali, amma kada ka shiga ruwan, igiyarsa na da ƙarfin ja. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ka kuma tabbatar da ƙa'idojin shiga kafin ka biya, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, sai dai can ziyarar dangi da saƙonnin kasuwa za su cinye kwanakin.

Inda hutu ya fi lalacewa shi ne waya. Ka miƙa aikinka a rubuce ga wanda zai riƙe, ka kashe sanarwar zaurukan WhatsApp na ofis, lambar can kuma iyali kaɗai za ka ba. Kwana biyun farko kada ka tsara komai. Ciwon kai ko barci mai nauyi na iya zuwa, kada ka tsorata. Daga nan fita ɗaya a yini, tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, lokacin kwanciya ɗaya kullum. Shayi mai ƙarfi da kofi su tsaya kafin azahar. Ka nemi ɗaki nesa da babban titi, mai gidan sauro. Kuma kada ka ci bashi don wannan tafiya, tunanin biya zai hana ka barcin da ka je nema.

Binciken masana ya nuna daɗin hutu yakan gushe cikin 'yan makonni idan mutum ya koma ya tarar da nauyin nan yadda ya bar shi. Don haka tun kafin ka tashi ka zauna da shugabanka ku tsayar da lokacin tashi daga aiki da wanda zai kama maka rufe lissafin ƙarshen wata. Idan kuma baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita tukuna, tafiyar ta jira.