Wai ana karanta koci a jami'a?

Tambaya: Salam Malam, ni matashi ne daga Birnin Kebbi, ina horar da yaran unguwarmu ƙwallo kullum da yamma, ƙwallo ɗaya gare mu sai takalma biyu-biyu a matsayin raga. Baba ya ce in nemi karatun kirki wai koci ba sana'a ba ce. Don Allah ana karanta shi a jami'a?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, ana karantawa mana. ABU Zariya da BUK Kano duk suna da sashen ilimin motsa jiki da lafiya, shekara 4 ne ta JAMB, in kana da NCE kuma sai ka nemi shiga aji biyu. Amma ka riƙe bayoloji da kyau don can za a koya maka ƙashi da tsoka, yadda zuciya da huhu ke aiki lokacin gudu, taimakon gaggawa, da tsara atisaye mai nauyi yau mai sauƙi gobe. Rashin wannan ilimin wallahi shi ne ya fi damuna, ka ga koci ya sa yaro ɗan shekara 12 zagayen fili cikin zafin Afrilu na Kebbi ba ruwa a kusa, yaro na haki ana ce masa rago.

Digiri kaɗai ba ya zaunar da kai a bencin babban kulob, sai da lasisin koci na CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga matakin D ake farawa ta hannun NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Akwai kuma NIS, cibiyar wasanni ta ƙasa da ke horar da masu son zama koci, a Surulere Legas.

Shi kuma Baba, ka lallaɓa shi cikin ladabi, ka nuna masa da wannan digirin ana koyarwa a sakandare.